Kakadu, Kimberley ko Murujuga: ina ya kamata ka je ganin zanen duwatsun Aborijin?

Wani ɗan yayata da ke karatu a Melbon ya kira ni kwanakin baya, ya ce: "Kawu, hutu ya matso, na ɗan tara abin da ya sawwaƙa, ina so in je in ga zanen nan na kan duwatsu da 'yan asalin ƙasar nan suka yi. Amma duk wanda na tambaya sai ya nuna mini wata kusurwa daban." Na ce masa dole ne, domin Ostireliya nahiya ce sukutum, kuma wuraren zanen sun kai dubbai. Tsakanin Melbon da Darwin kaɗai tafiyar sama da awa huɗu ce a jirgin sama. Wanda ya yi kuskuren zaɓi ba zai ce bari in karkata in leƙa ɗayan ba, kamar mai zuwa Katsina daga Kano ya ratsa ta Daura.

Amsar da na ba shi ta yi tsawo, shi ya sa na ga gara in rubuta ta, ko wani ma ya amfana. Wurare biyar zan auna, da ɗan ƙarami na shida a gefe.

Ma'aunin da za mu yi amfani da shi

Na farko shi ne lokaci, kuma ya fi kuɗi muhimmanci. Arewacin Ostireliya yana da rani da damina kamar mu, sai dai a juye: lokacin da manomin Kano ke noman farko, wato daga Mayu zuwa Oktoba, su suna cikin rani, hanyoyi a buɗe. Daga Nuwamba zuwa Afrilu kuwa ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, koguna su cika su shanye hanya. Kudancin ƙasar ba haka yake ba, ana zuwa duk shekara, sai dai a yi hattara da gobarar daji a watannin zafi, Disamba zuwa Fabrairu.

Na biyu kuɗi. Kada tikitin shiga gandun daji ya ruɗe ka, shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Abin da ke cinye aljihu shi ne jirgi, hayar mota, mai da masauki.

Na uku sauƙin isa: kwalta ce ko burji, ƙaramar mota za ta kai ka ko sai irin su Land Cruiser, kuma ƙafarka za ta taka kilomita nawa.

Na huɗu haɗari, na biyar ɗorewa, wato halin da zanen yake ciki, ko zai jira ka shekara goma nan gaba ko kuwa yana kan dusashewa. Na shida shi ne wanda mutane suka fi mantawa, ni kuma na fi ba shi nauyi: akwai ɗan gida da zai yi maka bayani? Waɗannan zane-zane ba kufai ba ne. Masu su suna nan da ransu, suna da harsunansu da dokokinsu, wani wurin na maza ne zalla, wani na mata, wani ba a ɗaukar hoto. Baƙo ko da idonsa makaho ne. In ba mai nuna maka, jan layi kawai za ka gani a jikin dutse ka dawo.

Kakadu, da ƙarin kwana guda a Injalak

Kakadu gandun daji ne a yankin Arewa (Northern Territory), kimanin kilomita 250 gabas da Darwin, tafiyar awa uku a kan kwalta har garin Jabiru. Girmansa ya kusa murabba'in kilomita 20,000, wato kusan jihar Kano ke nan. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tun 1981, kuma an ƙidaya wuraren zane sama da 5,000 a cikinsa, ko da yake kaɗan ne aka buɗe wa baƙi. Masu ƙasar su ne Bininj a arewa da Mungguy a kudu, su ne ke tafiyar da gandun tare da gwamnatin tarayya. A wata rumfar dutse da ke yankin, Madjedbebe, binciken da aka fitar a 2017 ya nuna alamar zaman mutane tun shekara 65,000 da suka wuce.

Wurare uku ne kowa ke iya zuwa da kansa. Ubirr yana da nisan kilomita 40 daga Jabiru, zagayensa kilomita ɗaya ne kacal. A nan ne za ka ga zanen da ke nuna cikin dabba: an zana kifi da ƙashin bayansa da hanjinsa da kitsensa, kamar mahauci ya fede shi ya shimfiɗa. Kifin da ya fi yawa shi ne baramandi, wanda ɗan uwan giwan ruwa ne na jini, irin wanda ake fitowa da shi a Argungu. Can sama a jikin dutsen akwai zanen wata dabba mai kama da kare, da ratsi-ratsi a gadon baya, wadda ta ƙare a babban yankin ƙasar kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Wanda ya zana ta ya gan ta da idonsa. A gefe kuma ga Bature an zana shi da hannuwa a aljihu. Mutanen wurin suna ce wa Bature Balanda, kalmar da suka ara daga fataken Makassar na tsibirin Sulawesi, Musulmi masu zuwa gaɓar arewa da jiragen ruwa neman wata halittar teku da ake sayarwa a Sin, har aka hana su zuwa a 1907. Asalin kalmar sunan Holan ne.

Ka je Ubirr da la'asar sakaliya. Bayan ka gama da zanen akwai ɗan hawa na mita 250 zuwa saman dutsen, inda fadamar Nadab ke shimfiɗe a gabanka har iyakar gani, kore shar, hayaƙin ƙunar daji na tashi can nesa. Na yi sallar magariba a gindin dutsen nan, na sha wuya kafin zuciyata ta yarda cewa alƙibla tana yamma, ta ɗan karkata arewa, alhali mu da muka tashi "gabas" ma sunan alƙibla ne.

Burrungkuy, wanda tsofaffin taswirori ke kira Nourlangie, zagayen kilomita ɗaya da rabi ne. Nan ne Namarrkon yake, mai walƙiya, da gatura a gwiwoyi da gwiwar hannu, waɗanda aka ce da su yake sara gajimare a ji tsawa. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne babban zanen wurin ba tsoho ba ne: wani dattijo mai suna Nayombolmi ne ya yi shi a farkon shekarun 1960. Wannan kaɗai ya isa ya gyara tunanin mai ɗaukar abin a matsayin aikin mutanen da suka shuɗe. Na uku, Nanguluwurr, sai ka taka kilomita uku da ɗoriya zuwa da dawowa, kuma saboda haka ba cunkoso. Akwai zanen jirgin ruwa mai filafilai a wurin.

Kuɗin shiga, a shekarun nan, dala 40 ta Ostireliya ce ga babba a lokacin rani, 25 da damina, kuma tikitin na mako guda ne. Ƙaramar mota ta isa ga Ubirr da Burrungkuy. A watannin rani jami'an gandun suna yin bayani a bakin zanen. Masauki a Jabiru yana tsada a Yuni da Yuli, mai tanti shi ya more.

Haɗarin Kakadu guda ne babba: kada. Akwai kimanin 10,000 a gandun, kuma na ruwan gishirin nan yana wuce mita biyar. Ba a wanka, ba a alwala a bakin rafi, ba a tsayawa a gaɓa don hoto. In allo ya ce kada ka shiga, to kada ka shiga. Sai zafi da sauro. Mutanen Bininj sun kasa shekara gida shida, kuma wanda ya fi daɗi ga baƙo shi ne Wurrkeng, tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Agusta, da sanyin safiya kamar farkon hunturu. Zuwana na farko a Fabrairu na yi shi, don na ga tikitin jirgi ya yi araha. Araha ba ta ado: na iske rafin Magela ya haye hanyar Ubirr, na tsaya ina kallon ruwa ya shafe kwalta, na juya.

Yanzu ga abin da ya sa Kakadu ya zarce saura a wurina. Daga Ubirr, in ka haye kogin East Alligator ta mashigar Cahills, ka shiga Arnhem Land, ƙasar da ke hannun 'yan asali gaba ɗaya. Ba a shiga sai da takardar izini daga Majalisar Filaye ta Arewa, ko kuma ka bi masu kai baƙi da suka riga suka samo. Mashigar kanta ruwan teku ke hawa da sauka a kanta, kadoji na jere suna jiran kifi, kuma an taɓa rasa rayuka a wurin, don haka sai ka duba lokacin janyewar ruwa. A garin Gunbalanya akwai cibiyar masu zane ta Injalak, da aka buɗe a 1989, daga nan ɗan gari zai hau da kai dutsen Injalak. Ba shinge, ba allo. Wanda ya raka mu ya ce mu kwanta rigingine a ƙarƙashin wani faffaɗan dutse. Da idona ya saba da inuwar sai na ga rufin duka zane ne, kifi a kan kunkuru, kunkuru a kan mutum, wani bisa wani, ja da fari da rawaya, ba masaka tsinke. Ya nuna wasu siraran mutane kamar tsinken tsintsiya ya ce Mimih ne, masu zama a tsagar dutse, su suka fara koya wa mutane zane. Wani lungu kuma ya ce mu wuce da sauri, mu sauke kyamara, akwai ƙasusuwan kakanni. Hawan yana da ɗan wuya, awa biyu zuwa uku, kuma in an yi rasuwa a garin ana iya rufe komai ba sanarwa. Ka bar kwana ɗaya rara a lissafinka.

Kimberley

Wannan shi ne wanda ke sace zuciyar matasa, kuma shi ɗan yayata ya fi karkata gare shi. Yanki ne a arewa maso yamma, murabba'in kilomita 420,000 da 'yan kai, kusan rabin Najeriya, amma mutanen cikinsa ba su kai 40,000 ba.

Zane iri biyu ne suka yi suna. Wandjina manyan fuskoki ne farare, da dara-daran idanu baƙaƙe, da kewaye a ka, ba baki. Su ne masu ruwan sama da gajimare a wurin mutanen Worrorra da Ngarinyin da Wunambal, kuma al'ada ce a riƙa sabunta fentinsu. Wanda ya kalli bikin buɗe gasar Olamfik ta Sidni a 2000 ya ga wani ƙaton hoton Wandjina ya taso a tsakiyar fili. Na biyu Gwion Gwion ne, siraran mutane ja-ja-wur masu ado da tuntaye da jigida, kamar masu rawa. Turawa sun daɗe suna kiransu da sunan Joseph Bradshaw, makiyayin da ya ci karo da su a 1891. Yadda aka gano shekarunsu abin sha'awa ne: gidan zanzaro aka yi amfani da shi. Zanzaro na gina ɗakinsa na laka a jikin dutse, wani a ƙarƙashin fenti, wani a samansa, sai aka auna shekarun burbushin gawayin da ke cikin lakar. A 2020 aka fitar da sakamakon cewa Gwion Gwion sun kai shekara 12,000. A 2021 kuma, ta wannan hanyar, aka sa wa wani zanen kangaru shekara 17,300.

To amma isa fa? Hanyar Gibb River kimanin kilomita 660 ce daga Derby zuwa ɓangaren Kununurra, an yi ta ne don jigilar shanu, kuma mafi yawanta burji ce mai gargada da ke kwance kusoshin mota. Wuraren zanen da suka fi kyau ga mai mota suna Munurru, a bakin kogin King Edward, sai ka bar Gibb ka hau hanyar Kalumburu, wadda ta fi ta muni. Kana buƙatar babbar mota mai ja da ƙafa huɗu, tayar safaya biyu, jarkokin ruwa da na mai, da wayar tauraron ɗan'adam, don sabis babu. Sannan sai ka sayi izinin Uunguu daga mutanen Wunambal Gaambera, ana yi ta intanet. Ka karanta takardar hayar mota da kyau. Wani kamfanin haya ya taɓa miƙo mini makulli da murmushi, sai da na zauna na duba ƙananan rubutun na ga inshorar ba ta rufe hanyar da zan bi ba; da taya ta fashe ko gilashi ya tsage, ko motar ta tsaya a tsakiyar kogi, daga aljihuna ne.

Ɗaya hanyar ita ce jirgin ruwa tsakanin Broome da Darwin, kwana goma ko fiye, yana tsayawa a tsibirai da gaɓoɓin da mota ba ta zuwa. Kuɗinsa ya haura dala 10,000 ga mutum guda. Wannan na alhazan birni ne.

Hukuncina: zanen Kimberley ba shi da na biyu, amma kashi tara cikin goma na tafiyar tuƙi ne, kuma sau da yawa za ka tsaya gaban Wandjina ba kowa kusa da zai ce maka ga ma'anarsa. Wanda ya nace, ya fara tsayawa a cibiyar Mowanjum kusa da Derby, inda jikokin masu zanen ke aiki.

Murujuga

Nan ba fenti ba ne, sassaƙa ce. Wanda ya taɓa ganin raƙuman dawan Dabous a arewa da Agadas zai gane irin aikin. Duwatsun wurin tsibi-tsibi ne kamar an juye su daga tifa, bayansu ja mai duhu, cikinsu toka-toka. In aka ƙwanƙwashe ɓawon sai hoton ya fito da haske. An ƙiyasta sun haura miliyan ɗaya: kangaru, kunkurun teku, kifaye, tsuntsaye, fuskokin mutane. UNESCO ta amince da wurin a Yulin 2025.

Yana kusa da Karratha a yankin Pilbara, kimanin kilomita 1,500 arewa da Perth, awa biyu a jirgi. Daga gari zuwa Ngajarli, inda aka shimfiɗa dandamalin tafiya na kimanin mita 700, bai fi rabin awa ba a mota. A wajen sauƙin ƙafa babu kamarsa, tsoho ma zai iya. Ƙungiyar 'yan asalin Murujuga, da ta haɗa al'ummu biyar, tana da jami'anta masu zagayawa da baƙi, kuma ina ba da shawara ƙwarai a bi su, domin idon da bai saba ba sai ya wuce hoto ashirin bai ga ɗaya ba. Suna roƙon kada a ɗauki hoton sassaƙar da ke nuna mutum, kuma kada a hau duwatsun. Safiya ko yamma ake zuwa, lokacin da hasken rana ke zuwa a karkace. Da tsakar rana duwatsun gasa mutum suke yi, zafi na wuce digiri 40 a bazararsu, ga guguwar teku daga Nuwamba zuwa Afrilu.

Tsadarsa daga garin take. Karratha garin ma'aikatan ma'adinai da iskar gas ne, jirgi da ɗaki duka farashin kamfani ake yi musu. Kuma a nan batun ɗorewa ya fi zafi. Kana tsaye gaban sassaƙar da ta girmi dalar Masar nesa ba kusa ba, in ka waiga sai ka ga bututun masana'antar gas da ta takin zamani. An daɗe ana jayayya tsakanin masana kan ko hayaƙin yana cinye jan ɓawon da hotunan suka dogara da shi, kuma a 2025 ɗin dai gwamnati ta amince babbar masana'antar gas ɗin ta ci gaba da aiki har 2070. A wannan yanki na Pilbara ne kamfanin Rio Tinto ya fasa kogunan dutsen Juukan da nakiya a Mayun 2020, wurin da ke da tarihin zaman mutane na shekara 46,000. Mutanen yankin ba su manta ba.

Kwazazzabon Carnarvon

Yana tsakiyar jihar Queensland, kimanin kilomita 720 daga Brisbane, yini guda cur a mota. Ƙasar mutanen Bidjara da Karingbal ce. Shiga kyauta ne. Babban wurin zanen bango ne na farin dutse mai tsawon mita 62, ɗauke da hotuna sama da 2,000. Salon nan daban ne: mutum ya ɗora tafin hannunsa a dutse, ya guntsi jar ƙasa da aka dama da ruwa, ya fesa, sai siffar hannun ta fito. Haka aka yi da sandunan jifa da gatura, har da hannuwan yara ƙanana, waɗanda dole wani ne ya ɗaga su.

Kuɗin da ba ka biya a ƙofa ba, ƙafarka za ta biya: kusan kilomita 11 zuwa da dawowa, kana tsallake rafi a kan duwatsu sau da yawa. Kogon Cathedral kuma ya haura 18. Babu kada a nan, sai maciji jefi-jefi, da ambaliya in an yi ruwa, da sanyin dare mai shiga ƙashi a Yuni da Yuli. Ka sha mai a Injune ko Rolleston. Wani darasin ɗorewa: a 2018 gobarar daji ta kama dandamalin da aka gina don baƙi a kogon Baloon, zafin wutar ya lalata yawancin zanen. Abin da aka yi don kariya shi ya jawo ɓarnar.

Gariwerd, da ɗan leƙe a Sidni

Gariwerd, ko Grampians, awa uku ne yamma da Melbon, kimanin kilomita 260. Mafi yawan zanen duwatsun jihar Victoria a nan suke, a ƙasar mutanen Jardwadjali da Djab Wurrung. Rumfuna biyar aka buɗe: Bunjil, Gulgurn Manja, Ngamadjidj, Billimina da Manja. Ba a biyan ko sisi. A ta Bunjil, kusa da Stawell, an zana mahaliccin da suka yi imani da shi tare da karnukan dajinsa biyu. Gulgurn Manja kuwa tafukan hannun yara ne.

Gaskiya ɗaya ce: zanen ƙanana ne, sun koɗe, kuma an kewaye su da kejin ƙarfe saboda masu ɓarna. Wanda ya fara ganin hotunan Kakadu zai ce wannan ne? Ya fi kama da zuwa Birnin Kudu ganin shanun da aka zana a Dutsen Habude: sai ka natsu, ka matso, ka ba idonka lokaci. Cibiyar Brambuk a Halls Gap ce wurin fara tambaya, musamman da yake gobarar ƙarshen 2024 ta ci babban ɓangare na gandun. Kada ka yi tuƙi da magariba, kangaru na faɗowa kan hanya kamar awakin ƙauye, ga shi motoci a can hannun hagu suke bi.

Mai zama a Sidni kuma yana da Ku-ring-gai Chase, ƙasa da awa ɗaya daga tsakiyar birni: sassaƙa a kan shimfiɗaɗɗen dutse a hanyar Basin, da kogon jajayen hannuwa a West Head. Dala 12 ake biya wa mota.

| Wuri | Kuɗi gaba ɗaya | Isa | Babban haɗari | Halin zanen | Ɗan gida mai bayani | Watanni |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Kakadu da Injalak | Matsakaici zuwa sama | Kwalta. Injalak sai da izini | Kada, zafi | Mai yawa, a bayyane | Akwai sosai | Mayu–Satumba |
| Kimberley | Mafi tsada | Burji ko jirgin ruwa | Lalacewar mota, nisa, kada | Mai kyau ƙwarai | Sai an shirya | Yuni–Agusta |
| Murujuga | Sama | Mafi sauƙi | Zafi, guguwa | Mai yawa, ana fargaba a kansa | Akwai | Mayu–Satumba |
| Carnarvon | Matsakaici | Doguwar tuƙi, doguwar tafiya | Gajiya, ambaliya | Mai kyau | Kaɗan | Afrilu–Satumba |
| Gariwerd | Mafi araha | Sauƙi | Gobara, kangaru a hanya | Ƙanana, cikin keji | A tambaya a Brambuk | Duk shekara, ban da tsananin zafi |

Wa ya dace da ina

In zuwa ɗaya za ka yi a rayuwarka, kuma kana da kwana biyar zuwa bakwai tsakanin Yuni da Agusta, Kakadu za ka, ka ware kwana guda don Injalak. Ko da za ka rage wani abu don kuɗi su kai, ka rage masauki, ka kwana a tanti, kada ka rage ɗan rakiyar Gunbalanya. Ka yi cefanen abincin halal a Darwin kafin ka kama hanya, akwai masallaci da Musulmi a garin. Bayan nan sai kifi da gwangwani.

In da tsoho kake tafe, ko mai ciwon gwiwa, ko yara ƙanana, Murujuga ta fi, sai Ubirr ba tare da hawan saman ba. Haka wanda aiki ya kai shi Perth, ko wanda batun ma'adinai da haƙƙin masu ƙasa ya dame shi: a Murujuga zai ga abin ido da ido.

Mai son tafiyar ƙafa, mai ƙaramin aljihu da ke zaune a Brisbane, Carnarvon. Ku haɗu ku huɗu ku raba kuɗin mai.

Wanda hutunsa ya faɗo a Disamba ko Janairu, ya cire arewa daga ransa a wannan karon, ya yi Gariwerd ko Ku-ring-gai, yana duba sanarwar gobara kowace safiya.

Kimberley na wanda ke da mako biyu zuwa uku ne, da abokan tafiya, da wanda ya iya canza taya a cikin ƙura, ko kuma mai dala dubu goma da ba ya jin zafin rabuwa da ita. Ɗan yayata ba ya cikin ko ɗaya. Na ce masa ya je Gariwerd a ƙarshen makon nan ya koya wa idonsa kallo, sannan ya sayi tikitin Darwin na Yuli tun yanzu kafin ya tashi. Ya ce to Kimberley fa, Kawu? Na ce in ya gama karatu ya fara ɗaukar albashi, ya kira ni, ni zan riƙe taswira shi ya yi tuƙi.